Funfuna a Ajiyar Irin Itatuwanmu Masu 'Ya'ya: Dalilin da Ya Sa Dabarar da ke Tsare Kalwa Take Kashe Ƙwallon Kaɗanya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda funfuna ke lalata irin itatuwa masu 'ya'ya na dajin Afirka ta Yamma, kamar kuka da ɗorawa da tsamiya da kaɗanya, a lokacin da aka ajiye shi domin shuka. Ta nuna cewa yaƙi da funfuna a ajiya ya dogara ne a kan sarrafa danshi fiye da zuba magani, kuma ba a iya sarrafa danshin sai an fara sanin ko irin yana jure bushewa ko ba ya jurewa.

Gabatarwa

Tun da Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a shekarar 2007, buƙatar irin itatuwan gida ta ƙaru ƙwarai a ƙasashen Sahel. An fara gane cewa dashen turare da darbejiya kaɗai ba zai mayar wa manomi da abin da ya rasa ba, domin kuka da ɗorawa da kaɗanya da aduwa da magarya da ɗinya abinci ne da kuɗin shiga, ba inuwa kawai ba. To amma tsakanin ranar da aka tsinci iri da ranar da za a shuka shi akwai makonni ko watanni, kuma a wannan tazara ce ake tafka asarar da ba a cika lissafa ta ba. Mai gandun rainon itatuwa zai cika ledoji da ƙasa, ya shuka, ya yi ta ban ruwa, sannan abin da ya tsiro bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan ƙasa ko ruwa ko ƙwari, alhali irin ya riga ya mutu tun yana cikin buhu.

Na fara fahimtar girman matsalar ne a shekarata ta farko ta karatun digiri na uku, lokacin da na roƙi a aiko mini da ƙwallon kaɗanya daga gida. Wanda na aika ya yi iyakar ƙoƙarinsa: ya zaɓi manya, ya ƙulle su a leda ninki biyu don kada su sha iska. Kafin takardun izini su kammala, kayan su iso hannuna, ƙwallayen sun yi gashi fari da baƙi, warin ruɓa ya cika ɗakin gwaji. Kalwar da ya haɗo mini a wata leda kuwa lafiyarta ƙalau. Hanya ɗaya, kwanaki ɗaya, leda iri ɗaya.

Funfunan gona da funfunan rumbu

Abin da Bahaushe ke kira funfuna, wato gashin nan da ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu ko gyaɗar da ta jiƙe, halitta ce mai rai wadda ba ta iya haɗa abincinta da kanta kamar tsiro. Tana miƙa siraran zaruruwa cikin abin da ta hau, ta narkar da shi, ta tsotse. Tana yaɗuwa ta hanyar ƙwayoyi masu kama da ƙura, waɗanda ke cikin iska da ƙasa da jikin buhu da tafin hannun mai tsinta. Saboda haka babu irin da za a kawo daga daji a ce babu ƙwayar funfuna a jikinsa. Abin tambaya kawai shi ne ko za ta sami halin farkawa.

Clyde Christensen na Jami'ar Minnesota a Amurka da Henry Kaufmann, a littafinsu na 1969 a kan ajiyar hatsi, sun kasa funfunan iri gida biyu, kuma har yau da wannan rabo ake aiki. Kashi na farko su ne na gona, irin su *Fusarium* da *Alternaria* da *Cladosporium*. Waɗannan suna kama iri tun yana bisa itace ko bayan ya faɗo ƙasa, kuma suna buƙatar danshi mai yawa, laimar iska sama da kashi 90 cikin ɗari. Idan iri ya bushe sai su tsaya cak, su riƙa mutuwa sannu a hankali. Kashi na biyu su ne na rumbu, galibi dangin *Aspergillus* da *Penicillium*. Su ne masu haƙurin ƙishirwa. Wasu daga cikinsu suna fara girma tun laimar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin iri tana wajen kashi 70, a lokacin da hannu zai taɓa irin ya ji shi a bushe ƙayau.

Ɓarnarsu tana bin mataki-mataki. Masu jure fari ne ke fara shiga, kuma ɗan tayin iri suka fi nufa domin nan ne mai da sinadaran gina jiki suka fi taruwa. Numfashinsu yana fitar da ruwa da zafi, sai danshin wurin ya ƙaru, wanda hakan ke buɗe ƙofa ga masu buƙatar ruwa fiye da su, kamar *Aspergillus flavus*. Kafin ido ya ga gashi ko hanci ya ji wari, ƙarfin tsirowa ya daɗe da raguwa. Wannan *A. flavus* shi ne mai fitar da gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960 sakamakon cin ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil. A 2004 gubar ta halaka mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Na kawo wannan ne domin a ƙasarmu iri da abinci sukan fito daga buhu ɗaya: kalwar da aka ware don shuka ita ce za ta koma tukunyar daddawa idan shukar ta fasa.

Iyakar da ya kamata a riƙe ita ce kashi 65. Idan laimar iskar da ke kewaye da iri ta tsaya ƙasa da haka, funfunar da ke lalata iri ba ta girma.

Irin da ke jure bushewa

A 1973 E. H. Roberts na Jami'ar Reading ya raba irin tsirrai gida biyu dangane da yadda suke ɗaukar bushewa. Akwai wanda za a iya busar da shi har ruwan jikinsa ya koma kashi 5 cikin ɗari ko ƙasa, kuma gwargwadon bushewarsa da sanyin wurin ajiyarsa gwargwadon tsawon ransa. Akwai kuma wanda bushewa ke kashewa, wanda Roberts ya laƙaba wa sunan da ke nufin mai taurin kai. A 1990 Ellis da Hong da Roberts suka ƙara rukuni na tsakiya, bayan nazarin da suka yi a kan irin kofi.

Sa'ar da muka yi ita ce, yawancin itatuwanmu na sabana suna rukunin farko. Kuka da ɗorawa da tsamiya da magarya da ɗanya duk irinsu yana jure bushewa. Bugu da ƙari, kuka da tsamiya da ɗorawa suna nuna ne da rani, lokacin da iska ta fi bushewa. A Kano ko Maraɗi ko Damagaram, laimar iska da rana a hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Ma'aunin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gindaya wa bankunan iri a 2014 shi ne a busar da iri a laimar kashi 10 zuwa 25, a zafin digiri 5 zuwa 20 na ma'aunin Salshiyas, sannan a ajiye shi a wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Bankin iri na Millennium da lambun Kew ya buɗe a Wakehurst a 2000 yana kashe kuɗi masu yawa wajen samar da ɗakin da laimarsa ke tsaye a kashi 15. Ke nan, ta fuskar bushewa, abin da Ingila ke saye da wutar lantarki shi ne hunturu ke ba mu kyauta.

Matsalar tana zuwa ne daga baya. Iri busasshe yana shan ruwa daga iska kamar yadda gishiri ke yi. Buhun da aka cika a watan Maris aka jingine a ɗaki, idan Agusta ta yi laima ta haura kashi 80, zai koma ya jiƙe ba tare da ɗigon ruwan sama ya taɓa shi ba. Don haka busarwa rabin aiki ce. Sauran rabin shi ne a rufe irin a mazubin da iska ba ta ratsawa tun kafin damina ta faɗi: kwalba mai murfin roba, ko jarka mai kyakkyawan marfi, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da aka fi sani da PICS, wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙira tun asali domin wake. Sai dai a kula: rufe irin da bai gama bushewa ba ya fi barinsa a buɗe muni, domin gumin da yake fitarwa ba shi da mafita.

Yaya za a san ya bushe? Cizawa da haƙori ko sauraren ƙararsa a ƙwarya ba su isa ba, musamman ga iri mai ƙwarin ɓawo. Akwai kuma kuskuren da na sha gani hatta a rubuce-rubucen ɗalibai, wato ɗauko adadin da aka sani na hatsi, kashi 13 ko 14, a ɗora wa kowane iri. Mai ba ya riƙe ruwa. A laimar iskar da dawa ko masara za ta tsaya a kashi 13, gyaɗa takan tsaya ne a wajen kashi 7 zuwa 8. Saboda haka ƙwallon aduwa ko na ɗanya, masu yawan mai, idan aka auna aka sami kashi 12, to a jiƙe suke a wurin funfuna. Abin da ya fi dacewa a auna shi ne laimar iskar da ke cikin mazubin, ba nauyin ruwan da ke cikin irin ba. Ana zuba iri rabin kwalba, a saka ƙaramin ma'aunin laima, a rufe, a duba bayan 'yan sa'o'i. Masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun ƙirƙiro wani ɗan kati mai suna DryCard wanda launinsa ke sauyawa idan laimar ta wuce kashi 65. Inda babu ko ɗaya, busasshen gishiri yana ba da ishara: yakan fara jiƙewa ya manne a jikin kwalba idan laima ta kai wajen kashi 75. Gwajin gishiri yana faɗa maka cewa akwai haɗari, amma rashin mannewarsa ba shaida ce ta cikakken aminci ba, tun da akwai tazara tsakanin 65 da 75.

J. F. Harrington ya bar mana ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: tsakanin kashi 5 da 14 na danshi, duk ragin kashi ɗaya yana ninka tsawon ran iri, haka ma duk ragin zafi na kimanin digiri 5. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma yana nuna inda ya kamata ƙaramin kuɗi ya fara tafiya. Firiji ba tare da busarwa da rufewa ba yaudarar kai ne, balle inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, iri ya yi ta gumi yana bushewa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke da babban tasiri. A cire garin ɗorawa da na kuka da naman tsamiya sarai daga jikin irin, domin zaƙin da ya rage yana jawo laima kuma abinci ne ga funfuna. Idan an wanke, a shanya nan take a inuwa mai iska, a shimfiɗe ba a tsibe ba. Shanya a kan kwano ko siminti da tsakar ranar Afrilu tana iya dafa ɗan tayin. A tsince masu huda, domin ƙwaron tsamiya, *Caryedon serratus*, wanda shi ne kuma ke cin gyaɗa a rumbu, yana buɗe wa funfuna ƙofa, numfashinsa kuma yana ƙara danshi. Sannan kada a fasa ko a kankare ɓawon kuka ko kalwa, ko a jiƙa su a ruwan zafi, sai ranar shuka. Ƙwarin ɓawon nan da ke jinkirta tsirowa shi ne garkuwar irin a ajiya. Wanda ke son ƙara busar da iri a cikin mazubi yana iya amfani da gawayi ko shinkafa da aka gasa suka huce a rufe, idan bai sami ƙwayoyin silika ba.

Batun magani

Ra'ayina shi ne barbaɗa maganin funfuna a kan irin da ke jure bushewa ɓarnar kuɗi ce a mafi yawan lokuta. Idan irin ya bushe ba ya buƙatarsa. Idan bai bushe ba, maganin ba zai cece shi na dogon lokaci ba, domin yawancin magungunan an yi su ne don su yi aiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan shuka. Wurinsu ke nan, wato kare ɗan tsiro daga ruɓewar gindi a gandun raino. Wasu daga cikin waɗanda tsofaffin littattafan gandun daji ke ambata ma sun fita daga kasuwa: kamfanin da ke yin benomil ya daina a 2001, Tarayyar Turai kuma ta ƙi sabunta izinin tiram a 2018. Ga kuma haɗarin da na ambata na komawar iri tukunya. A Iraƙi, a 1971 zuwa 1972, mutane sun ci alkamar shuka da aka shafa wa maganin funfuna mai sinadarin makuri, fiye da 400 suka mutu a asibitoci.

Toka da garin ganyen darbejiya, waɗanda iyayenmu ke zubawa a tulun iri, amfaninsu a kan ƙwari ya fi bayyana. Taimakon da suke yi a kan funfuna yana biyowa ne ta bayan gida, ta hana ƙwaro huda irin, kuma sai tokar ta kasance busasshiya.

Kaɗanya da 'yan uwanta

A nan ne duk abin da aka faɗa a sama ya juye. Ƙwallon kaɗanya (*Vitellaria paradoxa*) yana faɗowa ne daga wajen Mayu zuwa Agusta, da ruwa a jikinsa kusan kashi 40 cikin ɗari ko fiye, kuma a raye yake sosai, yana numfashi, yana shirin tsirowa. Bai san barci irin na kalwa ba. Idan aka shanya shi ruwan ya sauka zuwa wajen kashi 20, mafi yawansa ya mutu. Idan aka bar shi da ruwansa, to yana zaune ne a daidai yanayin da funfunan gona da na rumbu duka suke so. Idan aka ce a saka shi a firiji don a rage musu hanzari, yawancin irin wurare masu zafi na wannan rukuni sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 15 ko makamancin haka yana yi musu lahani. Goro da koko da mangwaro duk haka suke. Shi ya sa ko rumbun iri na duniya da aka buɗe a Svalbard a 2008 ba shi da amfani ga waɗannan.

Patricia Berjak da Norman Pammenter, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin wannan rukuni a Durban ta Afirka ta Kudu, sun nuna abin da ya ƙara dagula lamarin: funfunar ba a bayan ɓawo kaɗai take ba, sau da yawa tana cikin naman irin tun kafin a tsince shi. Wanke bayansa da ruwan bilic mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari na 'yan mintoci, sannan a ɗauraye, yana rage ta waje, amma ba ya kai wa ga ta ciki. Kuma yayin da irin ke raunana a ajiya, ƙarfinsa na kare kansa yana raguwa, funfunar tana ƙara samun galaba. A wannan rukuni ne magani mai ratsa jikin iri yake da hujja, da sharaɗin a ware irin, a yi masa alama, kada ya kusanci wanda za a yi man kaɗe da shi. A Turai ana tsoma irin itacen ok a ruwa mai zafin digiri 41 na sa'a biyu da rabi domin kashe funfunar *Ciboria batschiana* da ke cikinsa. Dabarar tana da ban sha'awa, amma tazarar da ke tsakanin zafin da ke kashe funfuna da wanda ke kashe ɗan tayi ƙanƙanuwa ce, kuma kowane itace da tasa, don haka ba a ɗauko adadin wani a ɗora wa wani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Hausawa sun daɗe da sanin yadda ake tafiyar da irin wannan iri, sai dai ba da sunan kimiyya ba. Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja zuwa Kano, waɗanda Paul Lovejoy ya rubuta tarihinsu a 1980, suna tafiyar watanni da kayan da bushewa ke lalatawa, ruɓa kuma ke lalatawa. Sukan naɗe shi da ɗanyen ganye a huhu, su yayyafa ruwa daidai gwargwado, su riƙa kwancewa lokaci-lokaci suna tsince wanda ya ɓaci, suna sauya ganye. Danshi ba tare da jiƙewa ba, iska ba tare da bushewa ba, da kuma tsinta a kai a kai: abin da littattafan zamani ke shawarta ke nan ga ƙwallon kaɗanya. A tsince shi a ranar da ya faɗo ko washegari, a cire naman, a wanke, a bar ruwan bayansa ya tsane a inuwa, a zuba shi a buhun algarara ko kwando tare da ɗan danshin dusar katako ko yashi mai tsabta, a ajiye a wuri mai sanyi-sanyi, a riƙa dubawa duk bayan kwana biyu ko uku. Da wanda ya aiko mini da kaɗanya ɗan goro ne, da bai ƙulle ta a leda ba.

Duk da haka, wannan ajiya ta makonni ce, ba ta watanni ba. Aikin haɗin gwiwa da cibiyar IPGRI da cibiyar irin itatuwa ta Danida suka gudanar tare da ƙasashe da dama, ciki har da cibiyar irin itatuwa ta ƙasar Burkina Faso da ke Wagadugu, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2004, an yi shi ne domin a tantance wane itace ke cikin wane rukuni, saboda a daina yi wa kowane iri kuɗin goro. Ga masu bankin iri, hanyar da ta rage ta dogon zango ga masu gudun bushewa ita ce a ciro ɗan tayin kaɗai, a busar da shi cikin gaggawa, a nutsar da shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ko a nan ma funfunar cikin jiki ce babbar cikas, domin ita ma tana tsira daga sanyin, ta farka tare da ɗan tayin ranar da aka narkar da shi.

Ga mai gandun raino ko jami'in shirin dashe kuwa, abin da wannan ke nufi shi ne jadawalin aiki ya bi itacen. Ramuka ko dogayen ledoji su kasance a shirye kafin kaɗanya ta fara zuba, kuma a tsinto irin daga kusa. Kaɗanya tana fara tura saiwa mai tsawo ƙasa kafin ganye ya ɓullo, wani lokaci bayan makonni da yawa, don haka shuka ta kai-tsaye a inda za ta zauna ta fi dacewa da ita, kuma kada a yi saurin yanke ƙauna a tone. A kuma tabbatar ba a sayo irin daga hannun masu man kaɗe ba. Su sukan tafasa ƙwallon sannan su shanya shi, domin su hana shi tsirowa su kuma rage funfunar da ke ƙara wa man tsami. Wannan daidai ne ga sana'arsu, amma ƙwallon da ya shiga tukunya ba zai tsiro ba, kome kyansa a ido.